Sefa 84 cikin miliyan: yadda ake farautar duniyoyin wasu taurari a cikin ƙugi

Ga abin da muka tattauna a shirinmu na ilimi na daren Laraba, daga ɗakin watsa shirye-shiryenmu da ke Messa, gab da Birketeri, a nan Yawunde. Mun ba shi fili mai yawa a wannan takarda domin da yawanku sun aiko cewa hadari ya taso a wajenku daren nan, rediyo ta yi ta ƙugi, kuka ji rabi rabi ya tafi da iska. Abin dariyar shi ne, maganar ƙugin ce ma muka yini muna shiryawa.

Duk wanda ya taɓa sauke kaya a Duwala ya san kogin Wuri, ya kuma haye gadar Bonaberi. Kogin yana farawa ne inda Nkam da Makombe suka haɗu, sama da garin Yabasi. To, tun watan Yuni na 2023 akwai wani Wurin da wani Makomben a sararin samaniya. A 2022 ƙungiyar masana taurari ta duniya, IAU, ta buɗe gasar raɗa wa taurari 20 suna tare da duniyoyin da ke kewaya su, sai wata tawaga daga Kamaru ta ci ɗaya. Tauraron da masana ke kira WASP-69 ya zama Wuri, duniyar da ke kewaya shi kuma ta zama Makombe. 'Yan'uwanmu na Najeriya sun riga mu, su tun 2019 suka samu nasu, tauraro Amadioha da duniyarsa Equiano.

Muna cikin faɗin haka sai wani dattijo ya bugo daga wajen Meiganga, ana jin kukan shanu a bayansa. Ya ce, "Yaro, wa ya je can ya gano ta? Ko hotonta aka ɗauko?"

Na ce, Baba, babu wanda ya je, kuma babu hoto ko ɗaya. Tsakaninmu da tauraron Wuri tafiyar haske ce ta shekara wajen 163. Wato hasken da zai iso kanmu daren yau ya baro can tun kafin Jamusawa su sa hannu kan yarjejeniya da sarakunan Duwala a 1884. Ko tauraron kansa ido ba ya ganinsa, don ya fi tauraro mafi dusashewa da ido ke kamawa dusashewa sau talatin da wani abu. Balle duniyar da ba ta da hasken kanta, tana kuma manne da shi.

Ya ce, "To da me aka san tana nan?" Wannan tambaya ita ce shirin gaba ɗaya.

Ku ɗauka dare ne, kuna kan tudu, can nesa kuna hango fitilar mai shayi a bakin tasha. Ba ku ganin mai shayin, ba ku ganin teburinsa, ɗigon haske kawai. Sai wani ƙwaro ya gifta ta gaban ƙwan fitilar. Ƙwaron ba za ku gan shi ba, amma da idonku na iya awo da kun lura hasken ya ɗan ragu sannan ya dawo. Idan haka ta faru sau ɗaya, ba ku da abin cewa. Amma idan ta riƙa faruwa duk bayan lokaci iri ɗaya, raguwar iri ɗaya, tsawonta iri ɗaya, sai ku ce lalle akwai abin da ke zagaya fitilar nan. Ɗan ƙaramin husufi ke nan. Da haka aka gano mafi yawan duniyoyi fiye da 6,000 da aka tabbatar zuwa 2025 a kewayen wasu taurari. An fara ganin irin wannan giftawa a 1999, a tauraron da ake kira HD 209458.

Saura sanin girman raguwar, kuma a nan 'yan kasuwa za su fi kowa ganewa. Mu ɗauki hasken tauraro tamkar miliyan guda ta sefa a cikin jaka. Idan Makombe ta gifta gaban Wuri, abin da ke fita daga jakar ya kai jaka goma sha shida da 'yan kai, wato kashi ɗaya da rabi da ɗoriya cikin ɗari. Kowane Alhaji zai lura an taɓa masa kuɗi. Dalili kuwa, Makombe ƙatuwa ce, faɗinta ya ɗan ɗara na Mushtari, babbar duniyar da ke kewaya Ranarmu, shi kuma Wuri bai kai Rana girma ba. Ga shi tana kusa da shi ƙwarai, duk kwana uku da awa ashirin da ɗaya take gama zagaye, don haka a shekara tana giftawa sau 94. Shi ya sa ba a buƙaci zuwa sama ba kafin a gano ta. Wasu ƙananan kyamarori ne na shirin WASP suka kama ta, waɗanda aka girke a Sutherland ta Afirka ta Kudu da tsibirin La Palma, masu gilashin Canon irin na masu ɗaukar hoto. An sanar da ita a 2013.

Yanzu mu juya. A ce wani yana can nesa yana kallon Ranarmu, wannan duniya tamu da muke takawa ta gifta. Nawa za ta cire daga miliyan? Sefa 84. Dala goma sha bakwai ba tamma guda. Ko tsinken soya ɗaya ba za ta saya maka a Birketeri ba. Kuma sau ɗaya take yi a shekara, na awa 13 in ta bi ta tsakiya. Wannan ita ce duniyar da kowa ke nema, mai girman tamu, mai nisan tamu daga tauraro irin namu, inda ruwa zai iya zama ruwa.

To, a ce an ba ka jakar miliyan, an ce ka gano ko an cire dala goma sha bakwai, amma ba a yarda ka ƙirga ba, sai dai ka ɗora a sikeli. Komai ya koma kan sikelin. Sikelin awon manyan motoci na kan hanya ba zai taɓa gaya maka an zare kwalin sukari ɗaya daga kamiyo ba, domin rawar da allurarsa ke yi ita kaɗai ta fi nauyin kwalin. Wannan rawar allura ita masana ke kira hayaniya, ko ƙugi. Sunan ma daga sana'armu ta rediyo ya fito: muryar mai magana ita ce saƙo, shuuu ɗin da ke rufe ta shi ne ƙugi. Ba ƙarfin muryar kaɗai ake dubawa ba, ana duba sau nawa ta fi ƙugin.

Ƙugi na farko iska ce. Ƙyaftawar da kuke gani taurari na yi, ba su ke yi ba, iskar da ke kanmu ce ke motsi tana karkata hasken, kamar yadda hanya ke rawa a ido da tsakar rana a bazara. Makiyayi ya san Zara ba ta cika ƙyaftawa kamar sauran ba, ya kuma san daren hazo kaza da 'ya'yanta sukan dushe. Ga ƙura, ga gajimare, ga gari yana wayewa a tsakiyar awo. Daga ƙasa, ƙananan kyamarori da ƙyar suke sauka ƙasa da rawar sefa dubu cikin miliyan. Ya isa a kama Makombe. Sefa 84 kuwa ta nutse. Dole sai an hau sama da iska.

An hau. Faransa ta harba madubin CoRoT a Disamban 2006. Amurka ta harba Kepler a Maris 2009, kuma labarinsa ne ya fi koyar da mu, don an ƙera shi ne musamman domin farautar wannan sefa 84. Mutumin da ya ɗauki maganar a ka, William Borucki, sau huɗu hukumar NASA tana mayar masa da takardarsa, a 1992 da 1994 da 1996 da 1998. Cikin dalilan akwai cewa ba a yarda akwai na'urar da za ta iya awo mai laushi haka ba. Sai da suka gina gwaji a ɗaki: faifan ƙarfe mai ƙananan huji a matsayin taurari, da siririyar waya a gicciye kan wasu hujin. In aka sa wa wayar lantarki sai ta yi zafi ta ɗan kumbura, ta tare kusan kashi 80 cikin miliyan na hasken. Da kyamarar ta nuna tana kama wannan, sai aka amince da aikin a Disamban 2001. Ni dai wannan naci ya burge ni, shekara tara mutum yana kai takarda ana korarsa.

Sai dai barin iska a ƙasa bai kashe ƙugi ba. Akwai wanda ke cikin hasken kansa, kuma shi babu mai maganinsa sai haƙuri. Haske ba ya zuba kamar ruwan famfo, ƙwaya-ƙwaya yake zuwa kamar yayyafi. Ku ajiye kwano biyu iri ɗaya a tsakar gida ana yayyafi, na ɗan lokaci kaɗan. Wannan ya samu ɗigo 92, wancan 107. Ba wanda ya yi maguɗi, haka yayyafi yake. Ku bar su har asuba, za ku tarar ruwan ya kusa zama kai ɗaya. Akwai ƙa'idar lissafi a kan haka, kuma mai sauƙi ce. In ana sa ran ɗigo 100, saɓanin yakan kai 10, wato ɗaya cikin goma. In 10,000 ne, saɓanin 100, ɗaya cikin ɗari. In miliyan ne, saɓanin 1,000, ɗaya cikin dubu. Kun lura? Kafin awonka ya ƙara kyau sau goma, sai ka tara haske ninki ɗari. Kafin ka rage ƙugi zuwa rabi, sai ka jira ninki huɗu. Wanda ke son rawar ta sauka zuwa sefa 10 cikin miliyan, sai ya tara ƙwayar haske biliyan 10 daga tauraro guda, kuma cikin 'yan awoyin da giftawar ke ɗauka. Shi ya sa aka ba Kepler baki mai faɗin kusan mita ɗaya, aka kafa masa ido a yanki guda na sama, yana auna taurari wajen 150,000 duk rabin awa, ba dare ba rana.

Sannan ga ƙugin na'urar kanta. Idon kyamarar faifai 42 ne, masu ƙananan gurabe miliyan 95 da haske ke faɗawa, kuma gurbi da gurbi ba su da ji iri ɗaya, kamar yadda mudun wannan kasuwa ba ya zama daidai da na waccan. In madubin ya ɗan girgiza, tauraro ya zame daga gurbinsa zuwa na maƙwabci, sai lissafi ya nuna hasken ya canza alhali bai canza ba. Don rage wannan, da gangan aka ɗan dusashe ganin Kepler, hasken kowane tauraro ya bazu kan gurabe da yawa. Mai ɗaukar hoton biki zai ce an ɓata aiki, amma su ba kyan hoto suke so ba, awo suke so. Zafi ma yana haifar da ƙugi, don haka aka sanyaya faifan zuwa digiri 85 ƙasa da sifili. Akwai kuma wasu ƙwayoyi masu tsananin gudu da ke yawo a sararin samaniya, in ɗaya ta bugi gurbi sai ta bar shi da tabo na wani lokaci. CoRoT ya sha wannan, don hanyarsa tana ratsa wani yanki a saman kudancin tekun Atlantika inda suka yi yawa.

A nan wani dillalin shanu ya bugo daga Ngaundare. Ya ce, "Malam, ai wannan duk maganar kuɗi ce. Turawa na da kuɗi. Su yi madubi mafi girma, su sayi na'ura mafi kyau, magana ta ƙare."

Na ce, Alhaji, Allah Ya ƙara arziki, rabin maganarka gaskiya ce. Babban madubi yana rage ƙugin yayyafi, ƙwararren maƙeri yana rage ƙugin na'ura. Amma bari in tambaye ka. In ka sayi sikelin da ya fi kowane tsada a duniya, ka ɗora bijimi mai rai a kai, yana taka nan yana taka can, yana kaɗa wutsiya, allura za ta tsaya? Ya yi dariya ya ce, "Ina! Sai ya natsu." Na ce to shi tauraro ba ya natsuwa.

Wannan ne ƙugi na ƙarshe, kuma shi ya karya lissafin Kepler. Tauraro ba ƙwan lantarki ba ne. Fuskar Ranarmu tafasa take yi kamar tukunyar kunu, gudaji masu zafi suna tasowa, kowane faɗinsa wajen kilomita 1,000, ya yi minti goma ya nutse wani ya taso. Tana kuma fitar da baƙaƙen tabo da fararen tabo suna juyawa tare da ita. A ƙarshen Oktoban 2003 manyan tabo sun rage hasken Rana da kusan sefa 3,000 cikin miliyan, wato ninki talatin da biyar na abin da duniyarmu za ta tare. Sa'ar da aka ci ita ce, tabo a hankali yake aikinsa, kwanaki ko makonni, giftawa kuma awoyi ce, don haka ana iya raba su da lissafi. Tafasar ce matsala, domin wani sashe nata yana hawa da sauka cikin awoyi, daidai da tsawon giftawar da ake nema.

Ga yadda aka yi kasafin tun farko. An ɗauki tauraro irin Rana wanda ya fi ƙarfin ido sau 250. Aka ce duk ƙugin in an haɗa, a awon awa shida da rabi, kada ya wuce sefa 20, aka ware wa tauraron kansa 10. Raba 84 da 20, ka ga saƙo ya fi ƙugi sau huɗu a giftawa guda. Huɗu bai isa ba, domin in kana duba taurari 150,000 shekara da shekaru, sai ƙugi shi kaɗai ya ƙirƙiro maka abin da ya yi kama da giftawa sau ba adadi. Suka sa doka: sai an ga giftawa aƙalla uku, kuma sai saƙon ya fi ƙugi sau 7.1. In ka ɗora giftawa huɗu kan juna, ƙugi ya ragu rabi, huɗu ya zama takwas, an haye. Saboda haka aka tsara aikin na shekara uku da rabi.

Da aka soma awo na gaske sai aka ga ba haka ba. A 2011 Ronald Gilliland da abokan aikinsa suka fitar da sakamako: ƙugin ya kusa 30, ba 20 ba, kuma mafi yawan ƙarin daga taurarin ne, sun ninka abin da aka ware musu. Masana sun yi ta gardama bayan haka, ko Ranarmu ce ta fi takwarorinta natsuwa, ko kuwa zaɓen taurarin da aka kwatanta ne ya sa aka ga haka. Ko ma mene ne, allurar ta fi rawa. Daga 20 zuwa 30 kamar ba wani abu ba ne, amma ku tuna ƙa'idar kwano. Raba 84 da 30 bai kai uku ba. Giftawa huɗu ba ta ƙara kai ka 7.1, sai wajen bakwai. Giftawa bakwai ga duniya irin tamu shekara bakwai ke nan. NASA ta yarda, a 2012 ta ƙara wa aikin wa'adi zuwa 2016.

Sai ƙaddara ta gifta. Kepler yana da wasu ƙafafu huɗu masu juyawa a cikinsa, su ke riƙe shi ya tsaya cak yana kallon wuri guda, kuma yana buƙatar uku. Ɗaya ta lalace a Yulin 2012, ta biyu a Mayun 2013. Shekara huɗu kacal aka samu, rabin abin da ake buƙata. Injiniyoyi sun yi dabara, suka jingina shi da turin hasken Rana ya ci gaba da aiki a wasu yankunan sama daga 2014, amma kowane yanki 'yan watanni kawai, ga shi yana zamewa ana gyara shi duk wajen awa shida, wanda ya ƙara wani sabon ƙugin da sai da aka koyi cirewa. Mai ya ƙare, aka rufe shi a Oktoban 2018. Ya bar duniyoyi fiye da 2,600 da aka tabbatar, ya kuma nuna cewa duniyoyi sun fi taurari yawa. Ba ƙaramin aiki ba ne. Amma ainihin abin da aka aike shi ya kamo, tagwayen duniyarmu, ya tsaya daidai bakin inda saƙo da ƙugi suka cakuɗe.

Akwai wata muguwar daidaituwa ma da ta ƙara dagula lissafin. Kepler yana kewaya Rana ne cikin kwana 372, yana mirginawa sau huɗu a zagaye, don haka tauraro yakan dawo kan faifai ɗaya sau ɗaya a shekara. Wasu faifan suna da wani lahani da ke tashi idan zafi ya canza. Kun ga abin da zai faru: duk shekara, a lokaci ɗaya, hasken tauraron ya nuna kamar ya ragu. Daidai irin sawun duniya mai zagayen shekara guda. Makiyayi zai gane wannan, sawun kare ne da na dila a ƙasa mai laushi.

Shi ya sa nake roƙonku, in kun ji a wata tasha ko kun gani a Facebook an ce an gano duniya irin tamu, ku ɗan ja numfashi. A Yulin 2015 an yi ta yayata Kepler-452b, mai zagayen kwana 385, wadda ta fi tamu faɗi da fiye da rabi, har ana kiranta 'yar'uwar duniyarmu. A 2018 wasu masana ƙarƙashin Fergal Mullally suka sake duba ta, suka ce giftawar kaɗan ce kuma rauninta ya yi kusa da na ƙugin na'ura, bai kamata a ce an tabbatar ba. Ba su ce babu ita ba. Cewa suka yi sikelin bai isa ya rantse ba. A ganina wannan ba abin kunya ba ne gare su. Ɗan kasuwar da ya ce maka muduna yana iya yin sama ko ƙasa da ɗan kaza, ya fi wanda ya rantse maka nasa ba ya kuskure. Tambayoyin da ni nake yi kafin in karanta irin wannan labari a gaban makirfo su ne: sau nawa aka ga giftawar, sau nawa ta fi ƙugi, kuma wani madubin dabam ya gani? Ta ukun tana da muhimmanci, don wani lokaci taurari biyu ne can baya ke yi wa juna husufi, haskensu ya gauraya da na gaba, su yi kama da ƙaramar duniya.

Waɗanda suka biyo baya sun ɗauki darasi. TESS da aka harba a Afrilun 2018 ya bar taurari masu dusashewa ya koma kan masu haske na kusa da mu, inda yayyafi ya fi yawa, amma kyamarorinsa ƙanana ne, kowane yanki kusan kwana 27 yake samu, kuma hasken Wata da na duniyarmu yakan kutsa masa. Madubin James Webb, mai faɗin mita shida da rabi, da aka harba ran 25 ga Disamban 2021, shi ba farauta yake yi ba, binciken waɗanda aka riga aka kama yake yi. Yana raba hasken launi-launi lokacin giftawa don ya ga wane launi iskar duniyar ta shanye, kuma wannan bambanci ɗaruruwa ne ko gomomi cikin miliyan. Da haka a Agustan 2022 ya nuna iskar kabon a duniyar WASP-39b. Amma da aka juya shi kan ƙananan duniyoyin tauraron TRAPPIST-1, sai tabon tauraron da tartsatsinsa suka riƙa rufe abin da ake nema. Bijimin dai bai natsu ba. Turai na shirin harba wani mai suna PLATO, mai kyamara 26, wanda zai zauna shekaru kan taurari masu haske, ya kuma auna rawar tauraron kanta don a san yadda za a cire ta.

Mu koma kan tamu. Taurari 20 da aka raɗa wa suna a waccan gasa an zaɓe su ne cikin waɗanda Webb zai duba, kuma ya duba Makombe. Tana da sauƙin bincike saboda abin da muka faɗa, saƙonta ya fi ƙugi nesa ba kusa ba. Faɗinta kamar na Mushtari, nauyinta kuwa kusan rubu'insa, wato a kumbure take. Ta fi mu kusa da tauraronta sama da sau ashirin, zafinta ya kai wajen digiri 700. Wata baiwar Allah ta aiko saƙo daga Kuseri tana tambaya ko akwai ciyawa da ruwa a can. Hajiya, sunan kogi kawai ta ci, ko ƙasar takawa babu, iska ce zalla. Iskar ma tserewa take yi. A Janairun 2024 masana daga jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles, da madubin Keck na Hawai, suka bayyana cewa tana jan wutsiyar iska mai tsawon aƙalla kilomita 560,000, fiye da tazarar da ke tsakaninmu da Wata. Ita ma wutsiyar ba hotonta aka ɗauka ba. An lura ne wani launi guda na hasken Wuri bai dawo daidai ba har bayan duniyar ta gama wucewa.

Dattijon Meiganga ya sake bugowa kafin mu rufe, yana so a nuna masa inda take. Baba, a ƙarshen Satumba da farkon Oktoba, wajen ƙarfe takwas zuwa tara na dare, Wuri yana kusan tsakar kanmu, ya ɗan karkata kudu. Mu a nan Yawunde lokacin babban ruwa ne, gajimare kan rufe dutsen Messa da Mbankolo, in ma an samu sarari fitilun Mokolo da hayaƙin masu soya sun ishe mu. Ku da ke rugage a Adamawa da arewa, da kaka ta fara shigowa, samanku ya fi namu tsabta. Ba za ku gan shi da ido ba, sai da ƙaramin madubin hangen nesa, amma aƙalla kun san inda za ku ɗaga sanda ku nuna wa yara. Duk kwana uku da awa ashirin da ɗaya, na awa biyu da 'yan mintoci, hasken wannan wuri yana raguwa da jaka goma sha shida cikin miliyan.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, likitan dabbobi zai shigo ɗakin shiri kan rigakafin ciwon huhu kafin a fara gangarawa kudu. Masu tambaya su aiko tun kafin ran Talata. A gaida iyali, a gaida na daji.